Kuɗin Gwamnati da Zaɓin Makaranta: Lissafin Riba da Hasara a Badawa



GABATARWA

Batun wannan lacca shi ne wata shawara da ta daɗe tana yawo tsakanin masana tattalin arziki da masu tsara ilmi, watau gwamnati ta daina zuba kuɗin ilmi a makarantunta kaɗai, ta yanka wa kowane yaro rabonsa, duk makarantar da iyayensa suka zaɓa masa kuɗin su bi shi can. Wanda ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Milton Friedman na Jami'ar Chicago a Amurka, wanda ya bayyana shi a 1955. A tsarinsa, gwamnati za ta ba uba takardar biya, irin wadda ma'aikata suka sani da sunan bauca, ya kai makaranta, ita kuwa makaranta ta kai baitulmali a ba ta kuɗi.

Masu goyon bayan shawarar suna cewa za ta rage wa baitulmali nauyi. Masu sukarta suna cewa za ta kwashe kuɗin talakawa ta miƙa wa masu hali. Ba a iya raba wannan gardama sai an amsa tambayoyi uku na lissafi. Wane yaro ne kuɗin za su bi? Me zai ragu daga abin da ake kashewa a makarantar da ya bari? Wa zai ci gaba da biya idan farashi ya tashi?

Unguwar Badawa, wadda take jingine da Nassarawa GRA a cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa, wuri ne mai kyau na gwada waɗannan tambayoyi. A ƙasa guda akwai manyan gidaje waɗanda 'ya'yansu ke zuwa makarantun kuɗi masu tsada, akwai gidajen haya na ƙananan ma'aikata da masu sana'a waɗanda ke biyan ƙananan makarantun kuɗi da guminsu, akwai masu zuwa firamaren gwamnati, akwai masu zuwa Islamiyya, sa'an nan akwai yaran da ba sa zuwa ko'ina. Dokar zaɓin makaranta guda ɗaya za ta taɓa waɗannan gidaje ta hanyoyi daban-daban, kuma kowace hanya da irin kuɗin da za ta ci wa gwamnati.

ABIN DA ƘASAR NAN TA RIGA TA GANI

Ba sabon abu ba ne a Nijeriya gwamnati ta ba makarantar da ba tata ba kuɗi. Tun dokar ilmi ta 1882, wadda ta shafi Ikko, gwamnatin mulkin mallaka take ba makarantun mishan gudummawa. Da fari yawan yaran da suka ci jarrabawa shi ne ma'auni, daga baya dokar 1916 ta zamanin Lugga ta ƙara wa rahoton masu duba makarantu nauyi. A 1948, bayan rahoton Sydney Phillipson, aka fito da tsarin da ya fi kowane daidaito. Ana lissafa abin da makaranta ke bukata, galibi albashin malamai, a cire abin da aka ƙaddara jama'ar wurin za su iya bayarwa gwargwadon arzikin yankinsu, gwamnati ta cika sauran.

A Arewa hanya ta bambanta. Makarantar boko ta farko ta gwamnati ita ce wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, kuma gidansa yana nan har yau ba nisa da Badawa. Turawa sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, saboda haka yawancin makarantun elementare na ƙasar Kano na En'e ne, ana biyansu da kuɗin haraji da jangali. Makarantun ƙungiyoyin sa kai, irin ta St. Louis da ke Bompai, wadda matan ɗarikar Katolika da suka iso Kano a 1948 suka kafa, kaɗan ne. Sakamakon wannan shi ne mafi yawan gudummawar gwamnati ta tafi Kudu da kudancin Jihar Arewa, inda makarantun mishan suke da yawa. Darasi na farko ke nan: kuɗin da ke bin zaɓi suna taruwa ne a inda makarantu suka riga suka yawaita, ba a inda aka fi bukatarsu ba.

Darasi na biyu daga Jihar Gabas ya fito. A 1957 ta fara ilmin firamare kyauta, shekara biyu bayan Jihar Yamma. Yawancin makarantun Gabas na mishan ne, kuma ɗariƙu suna gasa da juna, kowace tana so ta sami makarantarta a kowane ƙauye, gwamnati kuwa ita ke biyan malamai. Kuɗi suka gaza, a 1958 aka maido da kuɗin makaranta a wasu azuzuwa, har mata suka fito zanga-zanga. Makarantu biyu masu rabin cika sun fi makaranta ɗaya cikakkiya tsada, ko da yawan yaran bai canja ba.

Bayan yaƙin basasa gwamnatoci suka juya baya ga tsarin gudummawa. Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun ƙungiyoyi a 1970, wasu jihohi suka bi sahu. A wannan zamani ne St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Zariya ta zama Kwalejin Kufena. A watan Satumba na 1976 aka fara shirin UPE. An yi shirin karɓar yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka zo. Gwamnati ta ɗauki dukan kayan a kanta cikin zamanin arzikin man fetur. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, gine-gine suka lalace, iyaye masu hali suka janye 'ya'yansu. Daga nan ne makarantun kuɗi suka fara yaɗuwa a birane, har suka kai yadda ake ganinsu a Badawa yau. Wasu jihohi sun koma baya daga bisani: Legas ta mayar da wasu makarantu ga masu su a 2001, Anambra kuma a 2011 ta mayar wa mishan da firamare fiye da 1,000, amma ta ci gaba da biyan albashin malamansu.

LISSAFIN AJI GUDA

Domin a ga yadda abin yake, a ɗauki misali. Lambobin da ke tafe na ƙaddarawa ne kawai, ba na wata makaranta ba ne.

A ƙaddara firamaren gwamnati mai yara 600, aji 12, kowane aji yara 50. Ana kashe mata naira miliyan 18 a shekara. Daga ciki miliyan 15 na albashi ne da gyaran gini, miliyan 3 na littattafai da alli da takardun jarrabawa. Idan aka raba miliyan 18 ga yara 600, kowane yaro ya tashi a naira 30,000. Mai tsara doka zai ce to, a ba kowane yaro baucar naira 30,000, gwamnati ba ta yi hasarar ko kwabo ba.

A nan ne kuskuren yake. A ce yara 60 suka karɓi bauca suka tafi, biyar daga kowane aji. Gwamnati ta biya musu naira miliyan 1.8. Amma aji mai yara 45 yana bukatar malami ɗaya kamar yadda mai yara 50 yake bukata, kuma kwanon da ke yoyo bai san an rage yara ba. Abin da ya ragu shi ne kuɗin littattafai da alli na yara 60, watau naira 5,000 sau 60, naira 300,000 ke nan. An fitar da miliyan 1.8, an tsimi 300,000, saura miliyan 1.5 sabon nauyi ne. In daga baitulmali aka ɗauko su, kasafi ya ƙaru. In kuwa daga kuɗin makarantar aka cire, yara 540 da suka rage su ne suka biya. Tsimi na gaskiya ba ya zuwa sai yaran da suka tafi sun kai a rufe aji ɗungum a daina biyan malaminsa, kuma kowa ya san wuyar sallamar ma'aikacin gwamnati.

Kashi na biyu na lissafin ya fi wannan nauyi. Idan doka ta ce kowane yaro yana da haƙƙin bauca, to, yaran da suke makarantun kuɗi tun farko su ma za su karɓa. Waɗannan ba su taɓa cin ko sisin gwamnati ba, iyayensu ke biya. A ce a kan kowane yara 60 da suka bar ta gwamnati akwai 180 da suke ta kuɗi da ma. Baucarsu naira miliyan 5.4 ce, kuma ba ta ƙara ko yaro ɗaya a aji ba. A unguwa irin Badawa, inda makarantun kuɗi suke da yawa, wannan kashi shi ne zai lashe mafi yawan kuɗin. Har ila yau, naira 30,000 ba za ta biya ko zango ɗaya ba a manyan makarantun GRA. Mai hali zai karɓa ya cika daga aljihunsa, ya sami rangwame, marar hali kuwa zaɓinsa bai wuce ƙananan makarantu ba.

GANI GA WANE

Ƙasashen da suka gwada sun tabbatar da wannan lissafi. Jihar Arizona ta Amurka ta buɗe tsarinta ga kowane yaro a 2022, ana ba kowa kimanin dala 7,000 a shekara. Wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka fara nema ba daga makarantun gwamnati suka fito ba. An yi ƙiyasin buɗe shirin ga kowa zai ƙara wa kasafi wajen dala miliyan 65 a shekarar kasafi ta 2024, amma abin da shirin baki ɗaya ya ci a shekarar ya kai kimanin dala miliyan 700.

Ƙasar Chile ta fara nata a 1981, ana biyan kowace makaranta gwargwadon yaran da suka halarta. A 1993 aka yarda makarantu masu karɓar tallafi su ɗora nasu kuɗin a kan iyaye. Sannu a hankali yara suka rarrabu bisa ga aljihun iyayensu, 'ya'yan talakawa suka taru a makarantun hukuma. Sai da gwamnati ta ƙara kuɗi na musamman domin 'ya'yan marasa hali a 2008, sa'an nan a 2015 ta yi dokar da ta hana neman riba da zaɓen ɗalibai, ta kuma fara kawar da kuɗin ƙari. Gyaran ya ci kuɗi masu yawa, kuma ya zo bayan shekara 30 da ɗoriya.

Misalan da suka fi kusa da halin Kano su ne na Kolombiya da Uganda. Kolombiya ta fara a 1991, ta ba yara fiye da 125,000 bauca ta sakandare, amma 'yan unguwannin talakawa kaɗai, a lokacin da makarantun gwamnati suka cika, inda masu nema suka yi yawa kuma aka jefa ƙuri'a. Bincike ya nuna waɗanda suka samu sun fi kammala karatu, kuma kuɗin sun yi ƙasa da na gina sababbin makarantu. Amma darajar baucar ba ta bi tashin farashi ba, iyaye suka riƙa cikawa. Uganda kuwa a 2007 ta riƙa biyan makarantun kuɗi sule 47,000 na kuɗinta a kan kowane ɗalibi kowane zango, a wuraren da gwamnati ba ta da sakandare. Adadin ya tsaya wuri guda shekara da shekaru, kaya suna tsada, daga 2018 kuma gwamnati ta fara janye shirin.

INDA KANO TA BAMBANTA

Duk da haka, akwai wani abu game da Kano wanda yake juya lissafin. Misalin da aka kawo na aji mai yara 50 ne. A unguwannin birnin Kano da yawa aji ɗaya yakan ɗauki yara 100 ko fiye, wasu a ƙasa suke zaune. Gwamnatin jiha ta ayyana ilmin firamare da sakandare kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, ta ware wa ilmi wajen kashi 30 cikin ɗari na kasafinta. Ƙididdigar da UNICEF ke ambatawa ta nuna yaran Jihar Kano da ba sa zuwa makaranta sun kusa miliyan ɗaya.

A irin wannan hali, yaron da aka saya wa gurbi a wata makaranta bai bar kujera a wofi ba, domin da ma ba shi da kujera. Abin da za a gwada da bauca a nan shi ne kuɗin sabon aji: fili, gini, bencina, malami, da fanshonsa. A Nassarawa fili ya yi tsada ƙwarai, kuma da wuya a sami sarari mai isar makaranta a tsakiyar unguwa. Idan akwai makaranta mai rajista a kusa wadda ke da gurbi, sayen gurbin yana iya fin gini araha, kuma yaro zai shiga aji bana, ba sai bayan an gama kwangila ba. Hausawa na cewa da sabon gini gara yaɓe.

Kano ma tana da nata irin zaɓin makaranta, ko da yake ba da wannan suna ake kiransa ba. Akwai makarantun Islamiyya masu yawa waɗanda jama'ar unguwa suka gina, suka haɗa karatun addini da na boko, suka yi rajista da hukuma, ita kuma ta tura musu malamai tana biyansu albashi. Gini na jama'a ne, malami na gwamnati, zaɓi na iyaye. Ta fuskar baitulmali wannan tsari yana da fa'ida biyu: gwamnati ba ta biya kuɗin fili da gini ba, kuma ta san iyakar abin da ta ɗauka, domin malamai ake ƙirgawa, ba duk wanda ya zo da takarda ba.

Amma dole a faɗi gaskiya game da arahar ƙananan makarantun kuɗi. Mafi yawan arahar daga albashin malami take. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kano ta sa nata 71,000, alhali malamai da yawa a ƙananan makarantun kuɗi ba sa samun haka. Ran da kuɗin gwamnati suka shiga waɗannan makarantu, za a nemi su ɗauki malamai masu takardar NCE, su biya su yadda ya kamata, kuma a ranar wani ɓangare na arahar zai tafi. Mai lissafi ya sa wannan cikin ƙiyasinsa tun farko.

DAGA WANE ASUSU?

Saura tambayar da ta fi shafar ma'aikata: daga ina kuɗin za su fito? Dokar UBE ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe, kuma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Mafi yawan waɗannan kuɗi na gine-gine ne da kayan aiki a makarantun hukuma. Albashin malaman firamare kuwa an daɗe ana cire shi daga kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka duk shirin bauca na firamare zai taɓa matakan gwamnati uku, kuma in ba a rubuta wanda zai biya a cikin doka ba, kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Akwai kuma batun adalci tsakanin ƙananan hukumomi 44 na jihar. Makarantun kuɗi a cikin birni suka taru. Idan aka cire kuɗin bauca daga asusun ilmi na jiha baki ɗaya, yaron Badawa zai sami zaɓi tsakanin makarantu da yawa, yaron ƙauyen Doguwa ko Tudun Wada kuwa, inda babu sai firamare ɗaya, zai sami takarda wadda ba shi da inda zai kai ta. Abin da ya faru tsakanin Kudu da Arewa a zamanin gudummawa zai sake faruwa tsakanin birni da ƙauye.

Na ƙarshe shi ne tashin farashi. Bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Baucar da aka yanka ba a sake duba ta ba, cikin shekara uku za ta zama takardar banza. Makaranta za ta ɗora wa iyaye ƙari, ko ta rage inganci, ko ta sallami yaron, ya komo firamaren gwamnati wadda ba a gina masa aji a cikinta ba domin an ɗauka ya tafi.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, hukunci ya fito. Bauca ga kowa da kowa za ta ƙara wa baitulmalin Kano nauyi mai yawa, kuma mafi yawan kuɗin za su tafi gidajen da ke biya da kansu tun farko. Amma sayen gurbi domin yaron da ba shi da gurbi, a unguwar da azuzuwan gwamnati suka cika kuma fili ya yi wuya, yana iya zama mafi araha daga cikin hanyoyin sa shi a makaranta. Sharuɗɗan da tarihi ya koyar su ne waɗannan. A fara da ƙidaya ta gaskiya ta yara da makarantu, domin tsarin da ke biya bisa ga sunaye yana kiran sunayen boge. A taƙaita shirin ga 'ya'yan marasa hali da waɗanda ba sa makaranta. A yi masa layinsa na kansa a cikin kasafi, da iyakar yawan yara, kada a taɓa kuɗin albashin malamai. A hana makaranta ɗora wa iyaye ƙari. A ba masu duba makarantu abin hawa da ikon soke rajista. A rubuta cikin doka cewa za a sake duba adadin kowace shekara, kuma duk yaron da aka ɗauka za a biya masa har ya gama aji shida.

Ɗaliban da ke nan su ne za su riƙe ofisoshin kasafi da na tsare-tsare nan gaba, ma'aikata kuwa takardun irin wannan shiri ta hannunsu za su bi. Duk ran da aka kawo shawarar da ta ce za ta ba iyaye zaɓi ba tare da ƙarin kuɗi ba, abin da ya kamata a nema kafin a sa hannu shi ne lissafi a rubuce: yara nawa ne sababbi a aji, nawa ne aka tarar a makarantun kuɗi, aji nawa za a rufe ko a fasa ginawa, kuma wane asusu ne zai biya a shekara ta biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.